Ruwan Sabulu a Birkin Surukina

Kwanan baya na leƙa garejin wani jikan ƙanina a bakin titin Kwanar Ɗangora, na tarar an kawo masa wata babbar mota tana tari. Na gyara tsayuwa ina jiran in ga ya kara kunne a jikin inji, sai na ga ya ɗauko wani ɗan allo, ya soka igiyarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya tsaya yana kallo. Wai allon ne zai gaya masa ciwon motar. Na san da na buɗe baki za a ce tsoho ya fara. Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ya biyo baya ne. Mai motar surukin yaron ne, uban matarsa, kuma a gabana yaron nan ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Baba, ai kai ka kashe motar nan, ba ka sauya mata mai a kan lokaci." Surukin ya yi dariya, har suka tafa. Ni kuwa sai da na nemi benci na zauna.

A wannan wurin dai na koyi aiki, lokacin da babu shago ko ɗaya na siminti, sai wata ƙatuwar ɗorawa da rumfar langa-langa. Maigidanmu Malam Habu ne, ɗan gajeren mutum mai faɗa, wanda baƙin mai ya zauna a tsagin hannunsa har ya koma ga Allah bai fita ba. Da an idar da sallar asuba muke share gindin bishiyar, mu jera sifanu a kan buhu daga ƙarami zuwa babba, mu wanke ƙarafa da man gas a cikin rabin garwa. Kafin rana ta ɗaga wurin ya cika da ƙara: guduma a kan taya, tsakin tiyo mai yoyon iska, direbobi suna musu a wurin mai shayi, da rurin manyan motoci masu bodin katako suna hawowa daga kudu da doya da rake. Malam Habu ba ya ɗaga kai daga aikinsa, amma tun mota tana nesa zai ce, "Wannan nozil ɗinta na uku ya toshe," ko ya ce, "Wannan direban jaki ne, yana cin kulocinsa." Idan motar ta tsaya aka buɗe, yadda ya faɗa haka za a tarar.

Kayan aikinsa na gano ciwo doguwar sukundireba ce. Zai ɗora bakinta a jikin inji, ya kara ƙotar a bayan kunnensa, ya rufe ido. Haka ya koya mana, da ranƙwashi. Hayaƙi ma karatu ne a wurinsa: baƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, fari, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, mai shuɗi-shuɗi, injin ya fara shan baƙin mai. Idan injin gas ya mutu a hanya ba gaira ba dalili, ya kan ce mu fara neman inda iska ta shiga bututun mai kafin mu kwance komai, domin shi wannan inji ɗigon iska kaɗan ke shaƙe shi. A kan birki kuwa ba ya wasa ko kaɗan. "Inji idan ya ƙi, gida kawai ba za ku je ba," in ji shi. "Birki idan ya ƙi, gidan za a kai ku, amma a kwance." Duk wanda ya yaye sai ya ba shi akwatin ƙarfe, a ciki har da gwangwanin man birki wanda ba a fasa ba, ya ce ko takalminka ka manta kada ka manta da shi.

Shekarar da aka yaye ni ita ce shekarar da na yi aure, kuma 'yar direba na aura. Ubanta tsohon direba ne daga Kiru, yana da wata gingimari mai dogon hanci da ya fi shekara ashirin yana ja. Sunansa sananne ne a duk tashoshin hanyar nan, amma ni ba zan rubuta shi ba, don har yau da ya daɗe a ƙasa bakina bai iya kiransa ba. Baba nake cewa. Yaran yanzu ba za su gane yadda surukuta take a lokacinmu ba. Idan na hango shi a hanya, tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, ido a ƙasa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ko ruwa ban taɓa sha ba. Idan yana zaune a wurin mai shayi, shayin ranar ya wuce ni. Shi ma ba ya kiran sunana, "Malam" yake ce mini, kuma idan zai gaya mini magana sai ya dubi wani wuri, kamar da bango yake yi. Mai ɗakina ta kan tsokane ni ta ce, "Kai da kake kwance injin da ya fi ɗakin nan girma, Baba ya yi gyaran murya ka rasa inda za ka sa kanka." Ni kuwa ban ɗauki abin wahala ba. Daɗi ma yake mini, don alama ce ta na zama mutum mai gida.

A wannan lokacin ne ake tayar da ƙauyukan da ruwan Tiga zai cinye. Manyan motoci suka samu aiki ba dare ba rana, kowa yana kwashe gidansa. Wani dattijo, Malam Inuwa, ya ce shi ba zai zauna a sabon matsugunin da aka yanka musu ba, wurin danginsa zai koma can gindin duwatsun Doguwa, ya ɗauki motar Baba. Sai aka yi dace karen motar Baba ya tafi gida jinya. Malam Habu, ko da gangan ko da mantuwa, ya ce in bi motar, in riƙe weji, wato guntun katakon da ake tokare taya da shi, in kuma duba inji idan ya yi gardama. Na so in ce a tura wani, amma ba a yi wa Malam Habu musu.

Har yanzu ina ganin lodin nan a idona. An cire ƙyauren ɗakuna, an zare azara daga rufi, an kwashe rumbuna an ɗura dawa a buhuna. Turmi, dutsen niƙa, gadajen kara, randuna an naɗe su da tsumma, kaji a cikin akurki, awaki a ɗaure a kusurwa. A saman duk wannan mata da yara suka hau suka zauna, da wata tsohuwa da aka ɗaga da tabarmarta aka ɗora. Gidan da aka kwashe ya tsaya ba rufi ba ƙofa. Malam Inuwa ya je maƙabarta ya daɗe, ya dawo ya shiga gaba kusa da Baba. Da motar ta tashi matan suka fashe da kuka, yaran kuwa murna suke yi za su shiga mota. Ni ina tsaye a kan matakalar baya, weji a hannu, ina jin yadda bodin ke kuka saboda nauyi.

Wajen hantsi muka shiga tashar Tudun Wada. Tun kafin mu tsaya na ji Baba ya taka birki sau uku kafin motar ta amsa. Da na sauka na tokare taya, sai na leƙa ƙarƙashi kamar yadda aka koya mini, na ga cikin tayar baya ta hagu ya jiƙe. Na dangwala na shinshina. Man birki ne, robar da ke riƙe shi a wannan ƙafar ta mutu. Na miƙe zan je in buɗe akwatina, sai na tarar Baba ya riga ni. Ya sa an kawo masa kwanon ruwa, ya zuba garin sabulu, yana kaɗawa da yatsa, direbobi sun kewaye shi. Dabarar tsofaffin direbobi ce wannan, kuma a shimfiɗaɗɗiyar hanya takan kai mutum gida. Ya buɗe tukunyar birki ya ɗura, ya hau ya taka, feda ta yi tauri.

"Kun gani?" in ji shi. "Shekara ashirin da wannan nake yawo, har Jos. Yaran yanzu kuwa, in ba man gwangwani ba sai su zauna a hanya suna kuka."

Direbobin suka yi dariya, wani ya ce, "Ai ku ne manya, Baba."

Ni na san abin da Malam Habu ya nuna mana da idonmu. Ruwan sabulu ruwa ne, idan birki ya yi zafi a doguwar gangara da kaya mai nauyi sai ya tafasa, feda ta tafi ƙasa kamar an taka auduga. Ga kuma yoyo. Na kuma san gangarar da ke gabanmu bayan an bar babban titi an kama hanyar ƙauyen, doguwa ce, tana da kwana biyu, ƙarshenta gadar katako a kan rafi. Na tuɓe takalmi na durƙusa a gefen ƙofar motar na ce, "Baba."

"Na'am, Malam," ya ce, yana duban gilashin gaba.

Direbobin nan duk suna tsaye. Maganar ta zo har bakina. In ce wa uban matata, a gaban abokan sana'arsa, abin da ya yi shekara ashirin yana yi kuskure ne? Na ji bakina ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

"Amin," in ji shi, ya tayar da mota.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba. Muka ratsa dajin Falgore, bishiyoyi sun rufe hanya, birai suna tsallakawa, yaran da ke saman kaya suna ihu suna nuna su. Wata yarinya ta miƙo mini gyaɗa soyayya na karɓa na kasa ci. Duk taka birkin da Baba zai yi, ina ƙirga sau nawa ya taka kafin ta kama. Ina ta shirya magana a raina ina rushewa. In ce Malam Habu ne ya aiko ni da saƙo? Ƙarya ce, kuma zai gane. In gaya wa Malam Inuwa ya gaya masa? Wannan ya fi muni, na kai ƙarar surukina wurin baƙo. Tsoro nake ji sosai, kuma ina jin haushin kaina, amma ko sau ɗaya ban ji zan iya buga bodin motar in ce a tsaya ba.

Al'adar direbobi ce a tsaya a kan tudu kafin gangarar, inji ya huce, a ƙara ruwa a lagireto. Azahar ta yi, aka sauke mata da yara suka sha iska, maza suka yi sahu a gindin wata kaɗanya. Ni na yi tawa sallar a gurguje na koma na ɗaga hancin motar da sunan zuba ruwa. A nan dabarar ta zo mini. Na ɗauki ƙaramin sifana na sassauta notin bututun da ke kai man gas cikin famfon inji, zagaye ɗaya da rabi, yadda zai ja iska. Idan inji ya mutu, aikin makaniki ne, ba wanda aka kunyata. Ina ƙarƙashin mota kuma ba mai sanin abin da nake taɓawa.

Abin da ban lissafa ba shi ne man da ya rage a cikin famfon. Na ɗauka Baba zai bar injin ya ɗan yi aiki a tsaye kamar yadda ya saba, ya mutu a wurin. Sai ya ga rana tana tafiya, kowa na hawa ya tayar ya sa giya. Motar ta fara tafiya lafiya lau, ta nufi bakin gangarar. Yanzu idan ta mutu a tsakiyar gangara, na haɗa musu mataccen inji da mataccen birki, da hannuna. Ina ganin inda hanya ta lanƙwasa ta yi ƙasa yana matsowa, ina salati a bayyane. Saura kamar tsawon motar sau uku a kai bakin gangarar, injin ya yi tari, ya sake yi, ya shaƙe. Na diro tun ba ta gama tsayawa ba na cusa weji a ƙarƙashin taya.

Baba ya murɗa makulli sau biyu, ta ƙi. Ya sauko ya tsaya yana duban hancin motar, ya ce wa hancin motar, "To, ga makaniki, ga aikinsa." Ya ja Malam Inuwa suka koma inuwa, aka sake sauke mata da yara.

Na ɗan yi ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe a wurin inji don a ji, sannan na ja akwatina na shige ƙarƙashi. Na kwance bututun birkin da ke zuwa ƙafar da ke yoyo, na yanke kan ƙusa na toshe bakinsa na ɗaure tam. Ƙafa uku masu kamawa sun fi huɗu masu zuba. Na buɗe 'yan notocin da ke bayan sauran tayoyin na bar ruwan sabulun ya tsiyaye, yana kumfa a cikin ƙasa, na tura ƙasa da ƙafa na rufe. Na lallaɓa ta ɗaya gefen na fasa gwangwanin Malam Habu na cika tukunyar. Na koma na kwanta, na sa sifana a kan noti, sai a lokacin na tuna abin da ko sabon shiga a gareji ya sani. Ba a fitar da iska daga birki da mutum ɗaya. Dole wani ya zauna a gaba yana taka feda, na ƙasa yana buɗewa yana rufewa, yana gaya masa lokacin takawa da lokacin saki. In ba haka ba man gwangwanin da ruwan sabulun duk ɗaya ne, feda za ta tafi ƙasa.

Na kwanta a wurin ina kallon cikin motar, ƙasa tana zubo mini a ido. Malam Inuwa ranar ce ranarsa ta farko a gaban mota, bai san feda daga giya ba. Mutum ɗaya ne a duk dajin nan ya iya, kuma shi ne wanda na yi duk wannan wahalar don kada in yi masa magana. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Ina jin awaki suna kuka a sama, wata mata tana rarrashin jariri.

Sai na ji takun takalmi ya zagayo. Ƙofar gaba ta buɗe, motar ta ɗan nutsa ta gefen direba. Can muryar Baba ta sauko ta cikin katakon ƙasa.

"In taka?"

Na yi gyaran murya na ce, "Idan Baba ya ga dama."

"Ba na jin ka, Malam. Yadda ake yi a gareji za ka yi."

Na rufe ido na ce, "Taka!"

Feda ta yi ƙara, sau ɗaya, biyu, uku.

"Riƙe!"

Na buɗe noti, iska da kumfa suka feso mini a fuska, na rufe.

"Saki!"

Haka muka bi ƙafa uku ɗaya bayan ɗaya, ina kwance a ƙasa ina daka wa uban matata tsawa, shi kuma yana bi kamar yaron gareji. Da ya yi saurin saki sau ɗaya har na ji bakina ya ce, "Ban ce ka saki ba!" Ya ce, "To." Mata suna jin mu, ba wadda ta yi dariya. Da mai ya fara fitowa wankakke ba kumfa, na ji ya taka feda ta tsaya a sama da ƙarfi. Na fito na ɗaure notin da na sassauta a inji, na buga ɗan famfon hannu har iska ta fita, Baba bai tambaye ni yadda aka yi na san wurin ba tare da nema ba. Murɗawa ɗaya ta tashi.

Da giya ta ɗaya ya sauka gangarar, injin yana kururuwa, ni ina tafe a ƙasa a gefen tayar baya da weji a hannu. A kwana ta biyu nauyin ya turo motar, na ji ya taka, ta kama, ta ɗan ja gefe ɗaya, ya riƙe ta. Warin birki ya cika wurin. Muka haye gadar katakon tana ƙara a ƙarƙashinmu, ya tsaya a hayin rafin don ƙarafa su huce. Yara suka diro suka ruga ruwa, matan suka sauko suna gyara goyo, aka sauke tsohuwar nan ta ce a ba ta ruwan rafin ta ɗanɗana ta ji ko ya kai na garinsu.

Ina durƙushe ina mayar da sifanu cikin akwati Baba ya zo ya tsaya a kaina. Na yi sauri zan tuɓe takalmi ya ce in bari. Na jira ya dubi bishiya ko taya ya yi maganarsa kamar kullum. Da na ɗaga kai, sai na tarar ni yake kallo, cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun ranar da aka kai gaisuwar aurena.

"Tun a ina ka ga yoyon?" ya ce.

"A Tudun Wada, Baba."

Ya jinjina kai. Ya juya ya dubi rafin, inda yaran Malam Inuwa suke watsa wa juna ruwa, yarinyar da ta ba ni gyaɗa tana wanke wa ƙaninta fuska. Ya daɗe yana kallonsu, leɓensa yana motsi, sai daga baya na gane ƙirga su yake yi.

"Tun daga Tudun Wada," in ji shi a hankali. "Ni ka ji kunyata, Malam, na gode. Waɗannan fa? Da injin nan ya ƙara numfashi uku, wa za ka je ka durƙusa wa?"